Dutsen Taimamar Malam

Limancin Kona,
Birnin Zariya.
26 ga Satumba, 1977.

Zuwa ga ƙanena Aƙilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata ka sauka Ingila lafiya, ka tarar da malamanka da duwatsunka yadda ka bar su. Yaya gajiyar jirgi, yaya sanyi? Mu nan lafiya lau sai kewarka. Maigidana Malam Ƙasimu yana gaishe ka, 'yata Ummukulsum kuma ta ce in tuna maka ita ce 'yarka ta fari, kada ka manta da hoton jirgin da ka yi mata alkawari.

Ka ga adireshin da na sa a sama na gidanmu ne, ba na gidan aurena na Ƙofar Doka ba. Tun bayan tafiyarka na roƙi Malam Ƙasimu na dawo wurin Inna, daga nan nake zuwa makaranta in koyar in dawo. Ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan karon kai ka tsamar da shi, Sarkin Duwatsu.

Ka tuna ranar Ƙaramar Salla da la'asar, muna zaune a ƙofar ɗakin Inna ana cin kaji, ka miƙa hannu cikin alkuki ka ɗauko baƙin dutsen nan na taimamar marigayi Baba? Ka jujjuya shi, ka gyara zama irin na malaman boko, ka ce mana wannan dutse da muke gani a da ruwa-ruwa yake kamar kunu, yana tafasa can ƙarƙashin ƙasa, wuta ce ta dafa shi kafin ya huce ya sandare. Ka ce Dutsen Kufena ma da girmansa haka ya faro, har yashin da ke tsakar gidanmu ɓarɓashinsa ne. Muka yi ta dariya, ni har na ce to a kawo mana ludayi. Ban lura ba a lokacin, ashe Inna ba ta yi dariyar ba.

Ka san tun bara likita ya hana ta sa hannu a ruwa saboda ciwon fatar nan. Da dutsen take taimama, shi ne kuma wanda Baba ya yi ta sallolinsa da shi a jinyarsa ta ƙarshe. To, washegarin tafiyarka da azahar sai ta ce a miƙo mata buta. Na ɗauka mantuwa ce irin ta tsufa, na ɗauko mata dutsen. Ta kawar da kai. Ta ce ita a gidan malamai aka haife ta, tun ba ta iya ɗaura zane ba ta ji a karatu cewa abin da wuta ta ƙona, kamar jan bulo ko kasko, ba a taimama da shi. Tunda Auta, wanda gwamnati ta tura ƙasar Turawa musamman don ya san dutse, ya ce wuta ce ta dafa wannan, to magana ta ƙare. Na ruga na ɗebo yashi mai tsabta a faifai na kawo. Ta dube ni ta ce ashe ban ji ƙarshen maganarka ba, ai ka ce yashin ma ɗan dutsen ne.

Aƙilu, in ka ga hannuwan Inna yau sai ka yi hawaye. Duk inda ya soma warkewa ya sake tsagewa, tsakanin yatsu yana ruwa, bayan hannun har jini yake yi. Sau biyar a rana tana zuba musu ruwa tana cije leɓe. Maganin da nake shafa mata da safe, kafin la'asar ta wanke shi tas. Lomar tuwo ma da ƙyar take yanka ta. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na yi fushin ƙarya na ce zan koma gidana, ta ce Allah ya kiyaye hanya. Ka dai san Inna, ko sunana ba ta faɗa don ni ce ta fari, balle ta ji maganata. Kai ne ɗan lele, kai take ji.

Magana zarar bunu ce, na sani, amma dole ka nemo yadda za ka mayar da wannan. Ka rubuto mata wasiƙa ta musamman, ni zan karanta mata. Ka ce wasa kake yi, ka ce zolayata kake yi, ka ce duk abin da ka ga dama, in dai za ta ajiye butar nan. Kada ka tsaya sai ka gama wata jarrabawa, ka rubuto ranar da wannan ta same ka.

Inna ba ta san na rubuta maka wannan ba, ta dai ce in gaishe ka, in ce ka riƙa rufe ƙirjinka. Kawu Inuwa yana sa maka albarka. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya kuma rage maka surutu.

Yayarka,
Sailuba.

Limancin Kona,
24 ga Oktoba, 1977.

Zuwa ga Aƙilu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, karatu yana tafiya daidai. Mu ma alhamdu lillahi. Ruwa ya ɗauke, an soma yankan dawa, ni kuma tun da aka buɗe karatun firamare kyauta ajina ya cika ya batse, muryata har ta dushe.

Wasiƙarka ta iso. Da na ga layin farko, inda ka ce ba za ka iya yi wa Inna ƙarya a kan abin da ya shafi sallarta ba, wallahi sai da na yi tsaki. Na ce ji ɗan nema, uwarsa na jini shi yana wa'azi. Daga baya na huce, don na san inda ka gado. Baba ma haka yake, ko cinikin goro ba ya iya cewa bai da canji in yana da shi.

Na yi dabara na kira Kawu Inuwa, tunda shi ne wanta kuma shi ke ba da karatun fiƙihu a zaure, aka shimfiɗa masa buzu a ƙofar ɗakinta, na karanta musu tun daga farko. Kai, ka iya bayani in ka so! Da na zo inda ka ce dutse ba ya zama wuri ɗaya yadda muke zato, rana ta gasa shi, ruwa ya jiƙa shi, ya riƙa ɓarewa sannu a hankali kamar albasa, ya koma tsakuwa, tsakuwa ta koma yashi da laka, Inna ta ce ai ta sha ganin ɓawon dutse a gindin Kufena, ta ɗauka tsawa ce ke fasa shi. Da na karanta cewa kogin Kubanni da na Galma suna kwashe yashin nan su kai wani wuri su jibge, wani ya hau kan wani, nauyi ya danne shi har ya sake zama dutse, wani kuma ya nutse ƙasa zafi ya sauya masa kama, Kawu ya yi ta girgiza kai yana tasbihi. Wurin da ya fi ba ta mamaki shi ne jar ƙasar da aka gina ganuwa da ita, da tubalin ɗakinta, wai duk dutse ne da ya tsufa ya ruɓe. Ta dafa bango ta ce ashe shi ma tsufa bai bar shi ba. Shekarun da ka lissafa kuwa, miliyan ɗari kaza, ban ma iya faɗarsu daidai ba. Na ce mata dai tun ba a halicci ɗan Adam ba.

Nan Kawu ya karɓe. Ya ce abin da malamai suka hana shi ne wanda hannun mutum ya ƙona ya fitar da shi daga yadda Allah ya ajiye shi. Wutar da babu wanda ya hura ta, babu wanda ya ga hayaƙinta, wannan ai tana cikin halitta, ba sana'ar kowa ba ce. Ya ce in ba haka ba, da babu inda bawa zai sa tafinsa a bayan ƙasa. Nan take Inna ta ce a kawo faifan yashin. Ranar na yi barci har da minshari. Yanzu hannuwan sun soma bushewa, jinin ya tsaya.

Da a nan labarin ya ƙare da na ce ka biya bashin bakinka. Amma ina!

Ranar Juma'ar da ta wuce Inna ta sa na sauko da dutsen na goge shi, da niyyar ta koma kansa. Sai ga Talatu matar Bahago maƙeri, ta Ƙofar Galadima, ta shigo dubiya. Ka san ta, bakinta ba ya da ƙyaure, amma ba ta da mugun nufi. Ta ga dutsen a kan tabarma ta ɗauka, ta auna nauyinsa a hannu, ta tambayi inda aka samo shi. Inna ta ce a gonarmu ta wajen Kufena ta tsince shi tun tana amarya. Talatu ta ce tabɗi, ai gonakin wajen nan cike suke da kashin maƙera, wato ragowar da ke fita in an narka tama, na mutanen da can da suka yi ta fitar da ƙarfe a wurin. Ta ce ita 'yar maƙera ce matar maƙeri, kuma baƙin nan da nauyin nan sun yi mata kama da shi. Ta faɗi abinta, ta sha fura, ta yi sallama.

Ka ga inda aka kwana. Kashin maƙera ai wutar mutum ce, da zugazugi aka hura ta, irin wadda Kawu da bakinsa ya ce ba a taimama da abin da ta ƙona.

Na ce wa Inna to mene ne, ga yashinki kina yi da shi, sallolin da kika yi a baya kuma Allah ya ga zuciyarki. Ta rage cin abinci, ta bar sauraron rediyo, sai ta zauna ta zuba wa alkuki ido. Shekaranjiya da hantsi muna tsince wake, ba tare da ta dube ni ba, ta faɗa mini abin da ke cinta. Ta ce ba sallarta ce damuwarta ba, ita tana da rai, za ta iya ramawa. Ta Malam ce, wato Baba. Lokacin da jikinsa ya yi tsanani aka hana shi ruwa, idonsa kuma ya riga ya tafi, ita ce ta ɗauko dutsen da take daka kanwa da shi, ta wanke ta sa masa a hannu. Ya shafa ya tambaye ta ko dutse ne na Allah, ta ce masa na Allah ne. Bai sake tambaya ba. A kan maganarta ya yi sallolinsa har ya koma ga Ubangijinsa. Ta ce mutumin da tun balagarsa bai taɓa wasa da alwala ba, in ya zama ita ce ta sa ya cika a kan kashin maƙera, da wane ido za ta dube shi gobe?

Na koma wurin Kawu. Ya zo ya ce mata Allah ba ya kama bawa a kan abin da bai sani ba. Ta ce ta yarda, wannan karatu ne kuma gaskiya ne, amma ita so take ta san abin da ta ba mijinta. Kawu ya fito yana cewa taurin kan nan tun suna yara yake fama da shi.

To Sarkin Duwatsu, yau kam ba ƙarya nake roƙonka ba. Kai ka riƙe dutsen nan a hannunka, ka dube shi. Ka gaya mana tsakaninka da Allah, dutse ne ko kashin maƙera? Duk abin da ka rubuto shi zan karanta mata.

Kowa yana gaishe ka. Allah ya tsare mana kai.

Yayarka,
Sailuba.

Limancin Kona,
14 ga Nuwamba, 1977.

Ƙanena Aƙilu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata sanyin da ka ce ya shigo bai taɓa lafiyarka ba. Hannun Inna yana ta sauƙi, sai dai ta rame, zobenta har juyawa yake a yatsa.

Amsarka ta zo, kuma ban san ko in gode maka ko in ja kunnenka ba. Ka ce zuciyarka ta fi ba ka dutse ne irin na Kufena, amma kallo ɗaya ka yi masa ana tsakiyar hira, kuma bayansa ya yi baƙi da hayaƙin fitila da shafar hannu, don haka ba za ka rantse ba sai an ga cikinsa. Haba Aƙilu! Mutum ya tsallaka teku neman ilmi, a tambaye shi abu ɗaya, ya ce sai an fasa.

Amma na fahimci bayanin. Ka ce abin da ya narke, in ya huce da sauri kamar kashin maƙera da ake zubarwa a fili ya sandare kafin gari ya waye, cikinsa yakan zama baƙi sumul kamar fasasshiyar kwalba, da 'yan ramuka na kumfa. Wanda kuwa ya huce a hankali can cikin ƙasa, shekara dubu bisa dubu babu mai taɓa shi, yakan sami sukunin yin ƙwayoyi manya-manya, fari da ja-ja da baƙi mai ƙyalli, kuma babu maƙerin da zai iya jiran wannan. Da na karanta wa Inna, ita ta ba ni misalin da kanta. Ta ce kamar man shanu ke nan, in aka soya aka bar shi ya huce don kansa sai ya yi tsaki-tsaki, in aka gaggauta shi sai ya kwanta sumul. Ka ga ɗalibarka ta fi ni.

Shawarar da ka kawo ta a kai wa abokin karatunka Kabir a Samaru ya duba, ta ƙi. Ta ce dutsen Malam ba zai shiga jakar baƙo ya hau mota ba. In fasawa ce, a gabanta za a yi.

Ni fa ba na so, kuma na gaya mata. Gefen nan da ya yi santsi, tafin Baba ne ya mayar da shi haka. Ina tuna yadda yake lalubo shi a gefen buzu, ya buga tafukansa a hankali, ya shafa fuska. Littattafansa almajiransa sun raba, rigunansa an bayar, wannan kaɗai ya rage a ɗakin da hannunsa ya daɗe a kai. Ban da haka ina jin tsoro. Yanzu ko ba komai tana da shakka, shakka kuwa tana da ƙofa biyu. In aka fasa aka ga baƙar kwalba da ramuka fa? Na san Inna, ba za ta yi kuka ba, za ta dai bar cin abincin gaba ɗaya.

Na ce mata a bar kaza cikin gashinta. Ta ce ita ma dutsen nan ba ta da abin da ya fi shi, amma ta gaji da kwana da tambaya. Ta ce a bari a yi Babbar Salla, kada a ɓata wa yara biki in abin bai zo da daɗi ba. Na aika wa Talatu ta aro mana masabar Bahago, ta kuma zo da kashin maƙera na sosai guda ɗaya, mu fasa su tare kamar yadda ka ce. Baiwar Allah duk ta damu, tana ta cewa da ta sani da ta riƙe bakinta.

Ka taya mu da addu'a. Barka da Salla tun kafin ta zo, na san a can ko ƙamshin suya ba za ka ji ba.

Yayarka,
Sailuba.

Limancin Kona,
28 ga Nuwamba, 1977.

Zuwa ga ƙanena, Sarkin Duwatsu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa, ina fata ka yi Salla lafiya. Mun yi tamu lami lafiya, Kawu ya yanka rago, an soya maka naka an ajiye a cikin mai. Wannan wasiƙa ba ta gidan waya za ta biyo ba, Kabir ne zai kawo maka, don ya zo sallama ya ce jibi zai taso. Akwai ƙunshi tare da ita. Kada ka buɗe shi sai ka gama karantawa, na san halinka.

Ranar Asabar da hantsi muka yi. Inna ta yi wanka irin yadda likita ya yarda, ta sa farin mayafinta, ta fito ta zauna a kan tabarma a tsakar gida inda rana take. Talatu ta zo da masaba a ƙunshe cikin zane, da wani baƙin dunƙule da Bahago ya tsinto mata. Kawu ya ce shi ba zai shigo ba, amma ina jin tarinsa a zaure, bai je ko'ina ba. Inna ta so ta buga da kanta, ta ce ita ta kawo shi gidan nan. Na nuna mata hannuwanta, ta haƙura ta ce to ke, yi bismilla.

Na fara da na Talatu. Na naɗe shi a tsumma yadda ka ce saboda ido, na ɗora a kan tsohon dutsen niƙa, bugu ɗaya ya tarwatse. Cikinsa kamar yadda ka faɗa, baƙi ƙirin, wani wurin yana sheƙi kamar kwalba, duk ramuka kamar gidan rina. Inna ta karɓi guntu ta shafa, ta ajiye a gefenta na hagu.

Sai na Baba. Shi ma na naɗe shi a tsumma na ɗora. Bugun farko na kuskure na sami dutsen niƙan, har Talatu ta yi salati. Na biyu masabar ta yi tsalle ta dawo, ko gezau bai yi ba. Inna ta ce in daina jin tausayinsa. Na runtse ido na ɗaga da hannu biyu na sauke, na ji ƙas. Na kasa buɗe tsumman. Ita ta jawo shi gabanta ta warware da yatsunta.

Ya rabe biyu, ɗaya ya fi ɗaya girma, kowanne ya tafi da rabonsa na gefen santsin. Baƙin nan ashe a baya kawai yake, bai kai kaurin farce ba. Cikin fari ne tas da ja-ja, ƙwayoyi reras, wasu sun kai ƙwayar masara, ga ɗigo-ɗigon baƙi suna ƙyalli a rana. Babu rami ko ɗaya. Talatu ce ta fara magana, ta rangaɗa guɗa ta ce wannan ko a mafarki bai taɓa ganin maƙera ba, ita dai Allah ya yafe mata. Kawu ya ji guɗa ya yi gyaran murya ya shigo, ya duba ya ce gani ya kori ji.

Inna ta miƙa hannu. Ta ɗauki babban ɓarin ta kai shi kusa da idonta, ta juya shi a rana, ta bi ƙwayoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗauko na hagun ta haɗa su ta duba. Sannan ta ce in ɗauko wasiƙarka in sake karanta mata wurin da ka ce babu maƙerin da zai iya jira. Na karanta. Ta tambaya, wato lokacin da ƙwayoyin nan suke girma babu kowa a duniya, ko mai hura wuta, ko mai kallo? Na ce haka ka ce. Ta gyaɗa kai.

Sai ta dubi dutsen, ta yi magana a hankali, da muryar da take yi wa Baba magana in ta kai masa ruwan zafi. Ta ce, Malam, ashe gaskiya na gaya maka.

Ni ce na yi kukan, ni da Talatu. Ita kuwa ta ce mu tashi mu ba ta wuri, ko ba mu ji an kira azahar ba? Ta kife babban ɓarin, gefen santsin yana sama, ta buga tafukanta a kai ta shafa fuska, ta yi sallarta. Da ta sallame ta ce ina ragowar naman Salla, a ɗumama mata da tuwo. Ta cinye tas, har ta ce miyar ba ta ji gishiri ba. Yanzu dutsen yana cikin alkuki, amma ta juya fasasshen gefen yana kallon ƙofa, wai tana son ganin ƙyallin in rana ta shigo. Jibi zan koma Ƙofar Doka, kafin Malam Ƙasimu ya manta kamannina.

To, yanzu buɗe ƙunshin. Naman naka ne, ka ɗan sam wa Kabir. Abin da ke cikin farin ƙyallen kuwa ƙaramin ɓarin ne. Ni na so in riƙe, Inna ta ce a'a, ni ina da ruwan ɗumi da rana, kai ne ka rubuto cewa wani lokaci ruwan famfonku har daskarewa yake yi, ga ka da ciwon ƙirji tun kana yaro. Ta ce in gaya maka cikin dutsen naka ne, ka duba shi da gilashinka yadda kake so, ka nuna wa Turawan su ga irin na Zazzau. Amma ranar da sanyi ya hana ka taɓa ruwa, ka kife shi ka sa hannunka a gefen santsin, nan ne tafin Baba ya bi.

Inna tana sa maka albarka, Kawu da Malam Ƙasimu da Ummukulsum suna gaishe ka. Allah ya dawo mana da kai lafiya, ka tarar da mu lafiya.

Taka har kullum, yayarka,
Sailuba.